Maganar Kaka da Ban Ɗauka Ba

Ni ba ni da haƙuri, kowa a gidanmu ya sani. In mutum ya fara magana yana kewaye-kewaye sai in ji kamar in ƙarasa masa in huta. Kakana kuwa, mahaifin uwata, ko buta zai ce ka miƙo masa sai ya fara da tambayar yadda ka kwana. A hannunsa na tashi, a unguwar Birni ta Damagaram, cikin gidan ƙasa da ke jingine da wani ƙaton dutse. Baduku ne. Zaure ne wurin aikinsa, jar fata a rataye, ga basilla, ga ƴar wuƙarsa da ta sha wasawa har ta koma siririya, ga warin jima da ba ya barin tufafinmu ko an wanke. Da idonsa ya yi rauni ni nake zura masa zare. Yana ce mini Uwargida, ina ce masa Tsoho. Kusan kullum sai ya ce zai sake ni ya auro wadda ta iya tuwo, ni kuma in ce ya yi sauri, na gaji da zama da mai haƙori huɗu.

Uwata tana Kwatano, can wata ƙasa a bakin teku. Ina da shekara shida ta sake aure bayan rasuwar mahaifina, ta bi mijinta can, aka bar ni wajen kakanni. Yaya nake ce mata, don tun tasowata haka nake jin Kawu, ƙanenta, yana kiranta. Ita kuma ba ta faɗin sunana tunda ni ce ta fari, sai dai ta ce “ke”.

Shekara huɗu kafin abin da zan faɗa, kakata mace ta kwanta ciwo wajen wata biyu tana neman ƴarta. Uwata ta yi ta cewa tana tafe. Yau yaro ne ba lafiya, gobe miji ne ya yi tafiya, har rai ya yi halinsa ba ta zo ba. Ta waya aka gaya mata, ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, aka kwashe ta sai asibiti, daga nan ta samu tansiyo, wato hawan jini. Sai bayan sadakar arba'in ta iso Damagaram. Ta durƙusa a zaure ta yi wa Kaka gaisuwa, ina tsaye a bakin ƙofa. Ya amsa gaisuwar, sannan ya ce tunda ba ta zo ta uwarta ba, kada ta wahalar da kanta ta zo tasa. Iyakar abin da ya ce ke nan. Ta yi mako biyu ta koma, bai ƙara ce mata komai ba in ban da amsa gaisuwar safe.

Tun daga nan ba ya karɓar wayarta. Duk Sallah sai ta turo saƙon murya, abin da muke cewa bokal, tana neman gafararsa. Ni nake kunna masa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ya ji, ya ci gaba da ɗinkinsa. Na sha ce masa wannan taurin kai ne kawai, ya ce in bari sai na haifa tukuna in zo mu yi maganar.

Shekarar da na yi bak, jarrabawar gama sakandare, ban ci a zagaye na farko ba, aka tura ni na biyu. Ranar da ake jiran sakamako ban ci abinci ba. Damina ce, an yi ruwa da safe, duk lungun Birni ya yi caɓi. Ina zaune a tsakar gida wayata a hannu, ƙawayena suna ta turo saƙo, wannan ta ce an kusa liƙa sunayen waɗanda suka ci, waccan ta ce sai gobe. Bayan la'asar Kaka ya kira ni daga zaure. Na yi kamar ban ji ba. Ya sake kira, na tashi ina tsaki.

Ya ce in zauna. Na ce a tsaye ma ina jinsa. Ya ce, “Uwargida, abin nan naku da ake ɗaukar magana, ɗauko shi. Zan yi wa uwarki magana.”

Shekara huɗu nake jiran wannan magana daga bakinsa, amma da ta zo abin da ya fara zo mini a rai shi ne, sai yau? Na durƙusa, na buɗe wurin saƙon uwata, na danne alamar da yatsa, na kai wayar kusa da bakinsa. Ya yi gyaran murya, ya yi sallama kamar yana ƙofar gidan mutane, har ya ɗan dakata kamar za a amsa. Ya gaida mijinta. Ya gaida yaran ɗaya bayan ɗaya, na gyara masa sunan na ƙarshen. Ya tambayi gwiwarta da take ciwo tun tana budurwa. Yana cikin wannan sai saƙo ya faɗo a saman wayar: an liƙa.

In kana ɗaukar murya ka ja yatsa gefe, duk abin da aka ɗauka ya tafi. Na san haka sarai. Ba kuskure ba ne, da gangan na ja. Na ce a raina ai gaisuwa yake har yanzu, bari in duba in dawo mu sake. Na bar wayar a gaban bakinsa, fuskarta tana wajena, shi ba ya ganin komai sai haske. Wata ƙawata tana bakin lise, makarantarmu, tana ɗauko hoton takardun da aka liƙa ɗaya-ɗaya, hotunan suna ƙin buɗewa don rezo, wato layin waya, ba kyau. Ina ta dannawa. Muryarsa tana shiga kunnena kamar rediyon maƙwabta. Na tuna ya yi dariya sau ɗaya a tsakiya. Na tuna ya yi shiru na ɗan lokaci har na ɗago ido, sai ya ci gaba, na mayar da idona. A takarda ta huɗu na ga sunana.

Daidai nan ya ce, “Shi ke nan, rufe. Ya tafi?”

Na ce ya tafi. Na ce masa na ci bak. Ya yi hamdala, ya kama kaina ya tofa mini addu'a, ya ce yanzu kam dole ya sake ni don ba zai iya da mace mai ilimi ba. Ban tsaya jin ƙarshen tsokanar ba, na zari mayafi na fita na tare kabu-kabu zuwa lise. A kan hanya na ce gobe da safe zan gaya masa bai tafi ba, mu sake ɗauka. Abu ne na minti goma.

Washegari gida ya cika da ƴan barka. Da na kai masa koko ya tambaye ni ko ta amsa. Akwai mutane a zauren, abokan sana'arsa biyu, na ji nauyin in ce a gabansu na yi wasa da maganarsa. Na ce rezo ne babu. Da rana muka tafi Zango gidan ƙawata da ita ma ta ci, muka yini can ana ta kiɗa da soye-soye. Na dawo gab da magariba ƙafafuna suna ciwo, na wuce shi yana alwala na ce sannu Tsoho, na shige.

Rana ta biyu ya sake tambaya, wannan karon mu biyu ne kawai. Ina zura masa zare, yana haɗa wani alabe. Ba kowa, ba abin da ya hana ni. Amma na riga na yi ƙarya jiya, kuma na san in na faɗi gaskiya zai yi mini dogon faɗa a hankali, irin nasa mai cin awa guda, ni kuma ana jirana wajen tela. Sai na ce saƙon ya isa, ba ta buɗe ba tukuna.

Ya ce, “To. Tana da gaskiya.”

Na ce kai Tsoho, ƙila aiki ne ya yi mata yawa, zan kira ta. Na miƙa masa zaren na fita. A zuciyata na tsara komai: gobe Juma'a ba ya aiki, zan zauna da shi, in ce wayar ce ta lalata saƙon, ya sake.

Ranar Juma'a ya dawo daga sallar asuba ya zauna a kan buzunsa a zaure yana lazimi kamar kullum. Da rana ta fito matar Kawu ta kai masa koko ta same shi ya jingina da bango, carbi a hannu. Ta yi masa magana sau uku. Ni ina ɗaki ina barci, salatinta ne ya tashe ni.

Kafin azahar an kai shi. Mu mata muna cikin gida, na ji lokacin da aka ɗaga makara don hayaniyar ƙofar gida ta ɗauke gaba ɗaya. Mata suna ta cewa ya yi kyakkyawan ƙarshe, ranar Juma'a, da alwalarsa. Suna ta ba ni haƙuri fiye da kowa, wai ni ce idonsa, ni ce ƙafarsa. Wata tsohuwa ta ce Allah ya yi mini albarka yadda na riƙe shi. Na ce amin. Me zan ce?

Da yamma Kawu ya tara manya a kan maganar uwata. Ba wanda ya manta yadda ta faɗi wancan karon. Aka yanke ba za a gaya mata ta waya ba. Kawu ya kira mijinta ya gaya masa shi kaɗai, ya roƙe shi ya karɓe wayarta da sunan gyara kafin wani ɗan gulma ya riga mu, aka kuma gargaɗi dangi kowa ya kama bakinsa. Sai wani daga gida ya je ya zauna kusa da ita sannan a faɗa. Kawu ba zai bar zaman makoki ba. Ni kuwa dama an yi mini alkawarin in na ci bak zan je hutu Kwatano, don haka in ta ji ina tafe ba za ta zargi komai ba. Aka ce in shirya, da safe zan bi kar, babbar motar fasinja.

Kawu ne ya kai ni tasha a bayan mashin ɗinsa, da jakata da ƙullin geron da za a yi gumbar sadaka a can. Muna jiran a kira sunaye ya jawo ni gefe. Ya ce Baba ya gaya masa ranar Laraba cewa ya aika wa Yaya magana ta wayata. Ya ce bai tambaye shi abin da ya ce ba, amma ya ga kamar an sauke masa kaya. Ya ce da mijinta ya ce ba su ga saƙo ba sai ya gane rezo ne ya riƙe shi, to yana nan cikin wayata ke nan.

“Ki riƙe wayar nan da kyau,” in ji shi. “In an gaya mata, ki bari ta ɗan natsu, sai ki kunna mata. Ita ce kaɗai abin da zai sanyaya mata rai.”

Na gyaɗa kai. Ya ce ko in ɗan kunna masa ya ji muryar. Na ce maganar tsakaninsu ce, Kawu. Ya ce haka ne, na fi shi hankali.

Ban taɓa fita ƙasar waje ba sai ranar. Na daɗe ina mafarkin tafiyar nan, ina tsara kayan da zan sa, ga shi na yi ta da hijabin da na yi zaman makoki da shi. Kar ta bi ta Takeita, gero ya yi kore shar a gefen hanya har inda ido ya tsaya. Matar da ke kusa da ni mai kai kilishi ce, ta yi ta ja na da hira, na ce mata kaina ke ciwo. Duk shingen jandarma a sauko, a nuna katin shaida, dantite, a koma. Ni da nake ƙorafi in aka tsaya minti biyar, ranar so nake a yi ta tsayawa.

Mun wuce Maraɗi sai ga kira da lambar da ban sani ba. Uwata ce, ta ari wayar maƙwabciya. Murya cike da murna. Ta ce ke, ashe kin ci, ashe kina hanya, shi ne ba wanda ya gaya mata sai jiya. Ta ce ta sayo mini atamfa. Sannan ta sassauta murya, yadda take yi kullum in ta zo kansa, ta ce, “Ya Baba?”

Na ce lafiya lau.

Ta ce ya yi murna da na ci? Na ce ya yi. Wannan kam gaskiya ce. Ta ce bai ba ni saƙon komai ba? Na ce Yaya ba na jinki sosai, sai na iso. Na kashe.

Muka kwana a Doso, washegari muka kai Gaya. Lokacin ba a bin gada, sai a jirgin ruwa ake tsallaka kogin da ke kan iyaka. Ni ƴar Damagaram da ruwan pampo ma sai mun yi layi da bido, wato jarka, ban taɓa ganin ruwa mai yawa haka ba. Na ƙanƙame ƙullin gero da hannu ɗaya, ɗayan yana kan wayar cikin jaka. A tsakiyar kogin tunani ya zo mini cewa in wayar ta faɗa ruwa shi ke nan, kowa zai ce ƙaddara ce, matar kilishi ma shaida ce. Har na fito da ita. Ban jefa ba, kuma ba don kirki ba ne, tsoro na ji kada mai tuƙin ya gan ni.

Abin da na yi a Paraku ya fi wannan muni. A gidanmu in tsoho ya rasu, ranar sadaka jikoki suna sa rigarsa da hularsa su riƙa kwaikwayon tafiyarsa da maganarsa, mutane su yi dariya cikin kuka. Tun yana da rai kowa ya san ni zan yi wannan, don ba wanda ya kai ni iya muryarsa, har na sha tsorata matar Kawu daga bayan ƙofa. Da motar ta tsaya a Paraku da rana don a yi sallah a ci abinci, na zagaya bayan masallacin tashar inda ba kowa. Na danne alamar. Na yi gyaran murya irin nasa, na yi sallama, na ce na yafe miki duniya da lahira. Na saurara. Ya yi kama, wallahi ya yi kama, in aka haɗa da ƙarar iska da ƙaramar waya zai wuce. Na saurara sau biyu. A na biyun sai na tsuguna na yi amai a gindin bango. Na goge shi, na wanke baki, na koma mota.

Mun shiga Kwatano da hantsi a rana ta uku. Iskar garin nauyi gare ta, jiki yana danƙo ko ba ka yi komai ba. Mijin uwata ya tarye ni a tasha. Mutum ne marar yawan magana. Ya yi mini gaisuwa a hankali, ya ce ya gaya wa Hajiyar da suke haya a gidanta, ita za ta faɗa, ni dai in daure in ci abinci in yi fara'a har uwata ta ci nata ta sha maganinta.

Ta fito da gudu ba takalmi. Ta yi ƙiba, ta fara furfura a gaban goshi. Ɗakinta duk ƙamshin turaren wuta da humra, sana'arta ke nan, kwalabe jere a kan kanta. Ta yi mini shinkafa da kifi, ƙannena uku suna zagaye da ni suna kallona kamar baƙuwa, ai kuwa baƙuwar ce. Ta ce na rame. Ta ce karatu ne. Ta ɗauko atamfar ta yafa mini a kafaɗa ta ja baya tana dubawa. Na ci abincin nan duka, ban san yadda ya wuce ba.

Bayan azahar Hajiya ta yi sallama, da wasu mata biyu a bayanta, kowace da mayafi. Suka zauna a tabarma. Hajiya ta fara da cewa duk mai rai mamaci ne, ta kawo maganar haƙuri. Ba ta kai ga faɗa ba uwata ta juyo ta kalle ni.

“Ke. Tun yaushe?”

“Ranar Juma'a.”

Ba ta faɗi ba. Ta yi salati, ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta daɗe a haka kafaɗunta suna rawa. Da ta buɗe, abin da ta fara cewa shi ne ya cika maganarsa, ba ta je tasa ba. Sai mijinta ya ce ta yi haƙuri, akwai abin da ba ta sani ba. Ya kira Kawu ya miƙa mata. Ina jin muryar Kawu daga inda nake zaune yana cewa Baba ya bar mata magana, doguwa, tana cikin wayar yarinya. Na ga yadda fuskarta ta canza. Ta miƙo mini hannu. Na ce ba caji, kuma abin cajin nawa ya lalace a hanya. Hajiya ta ce a bari sai gobe, yau ta ji da wannan tukuna. Mutanen Zangon Kwatano suka fara shigowa gaisuwa, na samu na ɓuya a cikinsu har dare.

Da safe muka fito da geron. An jiƙa shi, tana daka a turmin Hajiya ina tankaɗe. Yara sun tafi makarantar allo, mijinta ya fita. Ta jingine taɓarya, ta shiga ɗaki, ta fito da wayata. Ashe tun asuba ta ba maƙwabciya ta sa mata caji.

“Kunna.”

“Babu komai a ciki, Yaya.”

“Ya goge?”

Ita da kanta ta buɗe mini ƙofa. In na ce e, sai in ƙara da cewa amma na ji da kunnena, ya ce ya yafe. Za ta yarda. Kawu zai yarda. Ƙila ma abin da ya ce ke nan, don me zai sa mutum ya yi shiru shekara huɗu sannan ya kira a ɗauki maganarsa? Na yi ta wannan lissafin tun daga Takeita. Amma ban ji ba. Kuma a ce ya faɗi wani abu daban, wani sharaɗi, ko wata wasiyya, ni na binne ta ke nan har abada na ɗora tawa a kai.

Na ce, “Ban ɗauka ba.”

Na faɗa mata duka, a tsaye, rariya a hannuna, da sauri kamar yadda nake komai. Sakamakon bak, yatsan da na ja, hotunan da nake buɗewa yana magana. Na ce ban san ko ya ce ya yafe ba, ban san me ya ce ba. Ban gaya mata na Paraku ba, shi kam sai yanzu nake faɗarsa.

Ba ta daka mini tsawa ba. Da ta yi da na fi jin daɗi. Ta tambaye ni ya daɗe yana maganar? Na ce wajen minti goma. Ta ce me na ji? Na ce ya gaida mijinta da yara, ya tambayi gwiwarta. Ta kai hannu ta taɓa gwiwar. Na ce ya yi dariya sau ɗaya. Ta ce a kan me? Na ce ban sani ba.

Sai ta yi tambayar da nake ta addu'a kada ta yi.

“Ya tambaya ko na amsa?”

“Sau biyu.”

“Me kika ce masa?”

“Na ce ba ki buɗe ba.”

Ta zauna a ƙasa, a nan gindin turmin, kan jiƙaƙƙen siminti. Ta ce me ya ce da na faɗa masa haka. Na gaya mata. Ta maimaita a hankali, tana da gaskiya. Kaji suka zo suna tsattsagar geron da ya zube, ba wadda ta kore su a cikinmu.

Na durƙusa na ce Yaya ki yafe mini. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ta tashi ta ɗauki taɓarya. Muka ƙarasa gumbar, aka rarraba a unguwa. Ba ta gaya wa mijinta ba a gabana, amma da Kawu ya kira da yamma ya tambaya ko ta ji saƙon, na ji ta ce masa za su yi magana daga baya. Har yau ban san abin da ta ce masa ba, shi ma bai taɓa tayar mini da zancen ba, sai dai ya daina cewa na fi shi hankali.

Wata biyu na yi a Kwatano. Ba ta canza mini fuska ba, ta koya mini haɗa turare, ta kai ni na ga teku, ta sa aka ɗinka atamfar. Sai dai muna cikin aiki, ana soya itacen turare da sukari ko ana wanki, sai ta ce, ke, yana zaune ne ko a kishingiɗe? Da ya yi shirun nan, kafin dariyar ne ko bayanta? Muryarsa ta yi rawa? Wani in sani, wani in ce ban sani ba. Ni da tambaya biyu a jere take ƙular da ni, na koyi tsayawa in amsa. Ban sake ce mata ta yafe mini ba. Amsar farko ita ce wadda ake ba kowa, ina jiran ɗayar, kuma ba ni da fuskar da zan matsa mata.

Ranar da zan dawo ta raka ni tasha. An ɗora kaya, ana kiran sunaye, ta riƙo gefen hijabina. Ta ce in na koma gida in riƙa zama a zauren, a daidai inda na durƙusa, ƙila wani abu ya dawo mini. Ta ce ko kalma ɗaya ce in kira ta, kada in ƙara, kada in rage.

Ina zama. Kawu ya kwashe fatun ya ba abokan sana'ar, zauren ya zama wurin ajiye mashin, amma ina ɗaukar kujera in zauna bayan la'asar. Sau biyu na kira ta. Na farko na tuna ya ambaci kakata, ya ce wani abu kamar “uwarki ma haka take”. Ta yi kuka, ta ce haka take me? Ban sani ba. Na biyu na tuna kamar ya yi maganar ɗakin da ta taso a ciki, cewa yana yoyo, yana so a yaɓe shi kafin wata damina. Wannan ban tabbata ba ko a ranar ya faɗa ko wata rana ce daban yana magana da Kawu, na kuma gaya mata hakan. Ta ce ba komai, in faɗa mata yadda na tuna shi duk da haka, tun daga farko, kuma a hankali.